Minti Goma Sha Ɗaya na Iya Kaltumi

Duk wanda ya zauna da Zara a Gure ya san ba ta da mantuwa. In ka taka ta da damina, ka saurari ramuwa da rani, kuma sai ka saki jiki za ta zo maka. Ƙanenta Husseini, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Bune, shi ma halin bai bar shi ba, nono ɗaya suka sha. Bambancinsu kawai, ita da baki take nata, shi kuwa da murmushi.

Abin da ya haɗa su rigima muryar uwarsu ce, Iya Kaltumi. A gidansu akwai wata al'ada tun kaka da kakanni. Ranar da za a kai amarya, kakarta ke zaunar da ita ta jero mata sunayen iyayenta mata da Barbarci, tun daga wadda ta fara tasowa daga Kelle, kowace da kirarinta da abin da ta jure a gidan miji, sannan ta sa mata albarka. Uwar amarya kan zauna a gefe tana saurare, don ita za ta yi wa nata jikokin wata rana. Da ciwo ya ci ƙarfin Iya, ta san ba za ta ga auren Balkisa 'yar Zara ba, sai ta ce a kawo salula. Minti goma sha ɗaya ta yi tana magana, ta kuma ce kada a buɗe sai ranar. Zara ce ta riƙe wayar, amma kuka ya hana ta jin ko rabi, ga shi Barbarcinta na gaisuwa da ciniki ne, tashin cikin gari ce. Bayan kwana huɗu Iya ta rasu.

Husseini bai samu jana'iza ba. Yana Damagaram wajen jarrabawa, kafin ya iso an dawo daga maƙabarta. Sau uku yana roƙon yayarsa ta tura masa muryar, ko ba zai buɗe ba, ya dai san yana da ita. Sau uku tana cewa Iya ta hana. Iya kam ta hana buɗewa, amma mu faɗi gaskiya, har da ƙeta a cikin ƙin nan na Zara. Ita ta yi jinya wata bakwai, ita ta yi wanki da juyi, don haka a ganinta muryar hakkinta ce ita kaɗai. Tana ajiye a katin memwar na wayarta, kullum da safe takan duba ta ga sunan da tsawon mintocin, ta rufe ba tare da ta taɓa ba.

Shekara biyu bayan rasuwar, Balkisa ta fito da wanda take so, aka sa rana. Saura mako uku biki, wayar Zara ta cika maƙil. Matan dangi sun buɗe gurup a Watsab, wannan ta turo hoton anko, waccan ta turo gado da kwanuka, wata kuma ta yi sallama ta minti biyar ba ta ce komai ba. Wayar ta dinga cewa babu wuri, ka taɓa ta yi shiru, kira ma da ƙyar take ɗauka. Ranar Juma'a Husseini ya shigo gari kamar yadda ya saba, ya ce ai wannan ba komai ba ne, manhajojin za a kwashe a mayar cikin kati, wayar ta numfasa. Har ya nuna mata tasa yana taƙama. Wani babban kati ya sayo a Damagaram, ya zuba komai nasa a ciki, da manhajojin da hotuna da karatun jarrabawar konkur ɗin da ya shekara biyu yana tarawa don ya zama sufeton makarantu. Zara ta miƙa masa wayar, ta ce ya kula da muryar Iya, ta koma wurin baƙi, don a ranar gwaggonnin ango sun zo ganin gida.

Abin da Zara ba ta sani ba, irin wayar tata ba ta yarda manhaja ta koma kati sai ta fara share katin tas, ta mayar da shi nata. Takan ma yi gargaɗi da Faransanci kafin ta share, kuma Husseini ai Faransanci yake koyarwa. Ya zauna gindin dogonyaro ya yi 'yan latse-latsensa, ya kawo mata. Waya ta dawo garau, sai gudu take. Zara ta shiga ɗaki ta nemi muryar. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta kashe ta kunna. Babu.

Ai kuwa ta fito tsakar gida ko mayafi babu, ta manta da baƙi, ta manta da surukuta. Husseini ya ɗaga hannu yana cewa, "Yaya, tsaya ki ji," amma ina, bakin ya riga ya buɗe. Ta ce bai zo ya binne uwarsa ba, shi ne yau ya zo ya binne muryarta. Ta ce tun yana yaro baƙin ciki ke cinsa. Sannan ta faɗi wadda ba ta ɗaukuwa, ta ce Iya kafin ta cika ta ce a daina kiran sunansa, ita ba ta haifi ɗa namiji ba. Wannan kuwa ƙarya ce tsagwaronta, ita ma ta sani, don da sunansa a baki Iya ta tafi. Gwaggonnin ango suka sunkuyar da kai. Husseini ya sauke hannunsa a hankali, ya dube ta, ya yi wannan murmushin nasa.

"To, ta goge, Yaya. Sai haƙuri."

Ya hau moto ya tafi Bune a ranar, ko kwana bai yi ba.

Washegari ta kai wayar wurin Garbai mai gyara a bakin tasha. Ya juya, ya jona a kwamfuta, ya ce katin da aka yi wa irin wannan sharar ko a Yamai ba a dawo da abin cikinsa. Zara ta dawo gida zuciyarta na tafasa. Ba kukan rashi take ba, wannan ta gama shi a daren farko, yanzu so take Husseini ya ɗanɗana daidai abin da ta ɗanɗana, ba ƙari ba ragi. Ta ce ai rama cuta ga macuci ibada ne, kuma ba ta sha wahalar neman inda za ta kama shi ba, shi da bakinsa ya gaya mata inda ransa yake.

Juma'ar farko bai zo ba. Ta biyu na matsowa ta aika masa saƙo da murya mai sanyi, ta ce shaiɗan ne, ya zo a gama shawarar biki, shi ne kawun amarya, ba shi da madadi. Ta yi masa burabusko da miyar yakuwa, ta sa man shanu har yana kwance a sama, abin da ya fi so tun suna yara. Ya zo, suka gaisa kamar ba a taɓa yin komai ba, kowa na kallon kowa ta gefen ido. Da aka yi kiran farko ya yi alwala, ya jona wayarsa a solar gidan kamar kullum, don ba ya shiga cunkoson masallacin Juma'a da ita, ya fita.

Zara ta bari sai da ta ji huɗuba ta kama. A lokacin tana haɗa wa amarya turaren wuta, kasko na gabanta da garwashi jajir, tana ɗan zuba kaɗan tana gwada ƙamshi. Ta ɗauko wayar, ta sa allura ta zaro katin. Ɗan abu bai kai farcen ɗan yatsa ba, wai a ce shekara biyun mutum na ciki! Ta riƙe shi ta kalla da kyau, ta tuna yadda ya ce "sai haƙuri" yana murmushi, ta sake shi cikin garwashin. Ya lanƙwashe, ya yi baƙi, warin roba ya danne ƙamshin hawi da sandal. Ta sa cokali ta danna shi ƙasa, ta ƙara fifita. Wallahi daɗi ta ji, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar Iya. Ta mayar da wayar a caji yadda ta same ta.

Ya dawo, ta zuba masa abinci, ta bar shi ya ci ya ƙoshi har da ƙari. Sai da ya wanke hannu ya ɗauki wayar. Manhajojin duk sun dusashe, ka taɓa wannan ta ce ba ta nan, ka taɓa waccan haka. Ya buɗe wurin katin ya ga wayam. Ya ɗago ya dube ta. Zara ba ta ɓoye ba, don da ma faɗin shi ne rabin daɗin. Ta nuna masa kaskon da baki, ta ce karatunsa na konkur na can ya zama turare, sai haƙuri.

Ta zaci zai tashi ya yi ihu, ko ya ɗaga mata hannu ta samu abin kai ƙara wurin dangi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna daɓas a kan tabarma, ya daɗe yana kallon kaskon, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Yaya, muryar Iya na cikin katin nan."

Ta ce ƙarya yake. Ya ce kafin ya share nata sai da ya tura muryar cikin wayarsa, da niyyar ya mayar mata in ya gama, ya kuma bar wa kansa ɗaya tun da roƙo bai yi ba. Abin da yake so ya gaya mata ke nan ranar da ya ce ta tsaya ta ji. Da ta yi masa wannan tonon silili gaban baƙi, ya rantse sai ta ƙone da baƙin ciki har safiyar biki kafin ya ba ta.

Zara ba ta san lokacin da ta cusa hannu cikin kaskon ba. Ta tona toka da garwashi da yatsunta, ta fito da wani ɗan dunƙulen baƙin abu da ya manne da gawayi. Yatsu uku suka tashi, ba ta ma ji zafin ba sai daga baya. Husseini na zaune yana kallo, bai ce ta bari ba.

Sannan ya ce mata shi bai iya bin umarnin Iya ba. Kwana goma sha huɗu yana saurare, safe da yamma, a bayan lakwal in yara sun tashi, har ya haddace kaf, kuma shi Barbarcinsa bai gudu ba, zaman Bune ya riƙe masa shi. Ya ce ya ji inda Iya ta ambace shi a ciki, don haka ya san abin da ta faɗa a kansa da wanda ba ta faɗa ba. A nan Zara ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife shi, ta durƙusa gaban ƙanenta ta roƙe shi ya faɗa mata, ta ɗauka a waya ko ta sa a rubuta. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Balkisa Iya ta bar wa, Yaya. Ita zan faɗa wa."

Ranar kai amarya, bayan la'asar, gida cike da mata, sai ga shi cikin babbar riga. Ya ce a ba shi wuri zai yi magana da 'yarsa. Mata suka fito, Zara ta gyara zama a gefen Balkisa, wurin da uwar amarya ke zama. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce har da ita. Ta juya ta dubi Gwaggo Aisa, ƙanwar ubansu, wadda ta san duk abin da ya faru, ko za ta sa baki. Gwaggo Aisa ta ce kawu ne, a ba shi wuri, kada a tara wa yarinya mutane ranar aurenta. Haka Zara ta fito daga ɗakinta na kanta, aka turo ƙofa a bayanta.

Ta manna kunne a jikin ƙyauren, hannunta naɗe da tsumma. Mata na ta guɗa a tsakar gida, ta daka musu tsawa suka yi tsit, amma duk da haka gunguni kawai take ji. Muryar Husseini ce, sai dai hawa da saukarta na Iya ne sak, har inda takan tsaya ta ja numfashi. Ta tsinci suna ɗaya, ta tsinci "Kelle", sauran ya wuce ta. Daga baya ta ji sheshsheƙar Balkisa.

Da aka buɗe ƙofa Husseini ya wuce ta gefenta bai ko kalle ta ba. Ta faɗa ɗakin ta kama kafaɗun 'yarta, ta ce ta maimaita mata yanzu-yanzu tun bai gudu ba, ko da sunayen ne kawai. Balkisa ta share hawaye, ta ce don Allah Inna ta yafe mata. Kawu ya ce ƙarshen maganar Iya shi ne kada ta faɗa wa kowa sai jikarta ranar aurenta, kuma ta riga ta rantse.

Ko Iya ce ta faɗi haka, ko Husseini ne ya ƙara da bakinsa, babu sauran inda za a je a duba. Motar ɗaukar amarya ta yi hon a ƙofar gida, mata suka shigo suka lulluɓe Balkisa, suka janye ta daga hannun uwarta.