Tukunyar da Ta Dawo Cike

Idan uwarka ta ba ka amana, kai kuma ka ɗauka ka ba amininka, shi kuma ya kai ta kasuwa, wa ya ci amanar? Na daɗe ina juya wannan tambaya a rumfata ta gyaran rediyo da ke kasuwar Rano, har yau ban samu amsar da zuciyata ta yarda da ita ba.

Sunana Nata'ala, mutumin Saji. Ban yi boko ba. Da kaina na koyi karatu, daga jaridun da ake naɗe tsire da su da bayan kwalin batir. Wataƙila shi ya sa na ba rubutu girman da ya fi ƙarfinsa. Duk abin da na ji tsoron ɓacewarsa sai in rubuta shi a littafina mai baƙin bango.

Mahaifiyata, Inna Mairo, tana da wani kunun zaƙi da ba a yin irinsa a Saji. Babu sukari a ciki, babu zuma, babu mazarƙwaila, amma zaƙinsa yana kwanciya a maƙogwaro har bayan an idar da salla. Kowane azumi, kullum da yamma, ni ke ɗaukar tukunyar in kai masallacin unguwa, sadaka ga mahaifinmu da ya rasu. Mata sun gaji da tambaya. Amsarta ɗaya ce: "Hannu ne."

A garinsu Kahu ta koya, wurin mahaifiyarta, ita ma daga tata uwar. Uwa ke ba 'ya. To Inna ba ta haifi mace ba, mu biyu ne, ni da yayana Ja'afaru.

Matata Dije, Bafulatanar Nariya, ta roƙe ta sau uku a gabana.

"Inna, ko dakan ne ki bar min. Hannunki ya gaji."

"'Yar Fillo, ke da nononki, ni da kununa. Kowa ya tsaya a ƙwaryarsa. Wannan abin jini yake bi."

Dije ta yi dariya, amma tun daga ranar ba ta ƙara tambaya ba.

Ni ne na ƙi haƙura. Na bi Inna da naci wata da watanni.

"In kika tafi da shi fa, Inna?"

"Kai ne za ka tura ni?"

"Ba haka nake nufi ba. Abin da aka rubuta ba ya mutuwa."

"Ba ya kuma rufe baki," in ji ta.

Wata safiya Dije ta tafi Nariya suna. Inna ta kira ni ɗakinta, ta saki labule, ta janyo wani faffaɗan kasko daga ƙarƙashin gado. Jiƙaƙƙen buhu ne a kai. Ta ɗaga. Dawa ce, kowace ƙwaya ta fito da farin wutsiya.

"Tsiro," ta ce. "A jiƙa, a rufe kwana uku, a shanya, a niƙa. Shi ke kawo zaƙin."

Nan take na gane dalilin ɓoyon. A ƙasarmu ba a san kowa da tsirar da dawa ba sai masu dafa burkutu. Shekarar kuwa ita ce aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, kunnen kowa a buɗe yake.

"Kakarka ba ta san ɗanɗanon giya ba, ni ma haka," in ji Inna. "Amma bakin mutane ba ya jiran bayani. Rubuta, ka rufe. Ko yayanka kada ya ji."

Na rubuta: mudu nawa na gero, citta, kanumfari, yadda ake raba ƙullun biyu a dama ɗaya da tafasasshen ruwa, a zuba tsiro, a rufe, a tace. Na yi mata alkawari.

Ina da wata cuta. In tambaya ta shiga kaina ba ta fita sai na ba wani ya taya ni ɗauka. Idan abu ɗaya ne uwar giya kuma uwar kunun da ake buɗa baki da shi a ɗakin Allah, mene ne hukuncinsa? Sati biyu na yi ina fama, sannan na tafi wurin Malam Zakiyyu.

Tare muka yi allo da Zakiyyu. Ni na bari na kama ƙarafa, shi ya zarce har ya gaji makarantar malaminmu. Azumin shekara talatin ya yi yana shan kunun Inna. Na same shi da hantsi a gindin darbejiya, ya tashi ɗalibai. Na kawo masa maganar a kan cewa wani mutum ne ya tambaye ni.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Kai dai ka cika tonon silili. Inabi ma da shi ake yin giya, an hana cin inabi? Maye aka haramta. Kunun yana bugarwa?"

"Ko kaɗan."

"To halal ne kamar ruwan rijiya." Ya dube ni ta gefen ido. "Kunun Inna ne, ko?"

Da na yi shiru a nan, da ban rubuta wannan labari ba. Na gyaɗa kai.

"Amana ce, Malam."

"Ta mutu a gindin bishiyar nan. Sai dai ka ce wa Inna bana a ƙara min ludayi biyu."

Shekara biyu maganar tana kwance. Sai siyasa ta sake kaɗawa. Yaya Ja'afaru ya fito neman kansila, abokin takararsa a cikin jam'iyya kuwa Alhaji Lado ne, surukin Zakiyyu, wanda ya rufa wa makarantar Zakiyyun kwano. Azumi ya kama ana saura 'yan kwanaki a fid da gwani.

Ran huɗu ga wata na sauke tukunya a inda na saba, kusa da tabarmar dattawa. Aka kira salla, aka ci dabino. Hannaye suka miƙa ga kunun tsamiyar wani gida, suka miƙa ga ƙosai. Tukunyar Inna ba wanda ya ɗaga faifanta. Can baya wani saurayi ya ce, "Mu dai ba ma buɗa baki da na gidan tsiro," wasu suka ƙyalƙyale. Ladan, tsohon abokin mahaifinmu, ya matso kusa da ni yana kallon ƙasa.

"Mayar wa Mairo, ɗana. Ana ta magana. Bari ƙura ta lafa."

Na nemi Zakiyyu da ido. Yana sahun gaba, yana juya ƙwallon dabino a tafin hannunsa kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

Ban taɓa sanin nauyin tukunyar nan ba sai ranar, don kullum babu komai a cikinta nake dawowa da ita. Inna ta ɗaga faifan, ta ga kunun har wuya, ta ga ludayi a bushe. Ba ta tambayi abin da ya faru a masallaci ba.

"Wa ka faɗa wa?"

"Inna, hukunci na je nema..."

"Wa?"

"Malam Zakiyyu."

Ta ce wa Dije ta zuba wa awaki. Ta shiga ɗaki, ta fito da kaskon a gaban kowa, ta watsa wa kaji tsiron.

Washegari na je gindin darbejiya. Ban yi sallama mai tsawo ba.

"Ka ce ta mutu a nan."

"Zauna mana, azumi ake."

"Ba zama na zo yi ba."

Ya rufe littafin da ke gabansa. "To, ƙarya na yi?"

"Kai ka ce min halal ne."

"Har gobe halal ne. Ba wanda ya tambaye ni hukunci. An tambaye ni ko na san abin da ake sa wa kunun, na ce tsiro. Ka so in yi ƙarya da azumi a bakina?"

"Wa ya tambaye ka?"

Ya mayar da idonsa kan littafin. Iska tana kaɗa sabon kwanon makarantarsa.

"Yau ka miƙe bayan magariba," na ce, "ka faɗa wa jama'a abin da ka faɗa min na inabi. Magana ɗaya ce. Tsohuwar nan ita ta yi maka ɗinkin rigar sauka."

"A bari a gama zaɓen nan."

"Azumi zai jira zaɓe?"

"Nata'ala, kai ba ka da suruki a kanka." Ya ɗaga ido a karon farko. "Na yarda, na ci amanarka. Kai ta wa ka ci?"

  Na juya na kama hanyar gida.

Yaya Ja'afaru ya faɗi zaɓen. Kafin ya faɗi ma ya bi majalisa-majalisa yana rantsuwa cewa shi bai san abin da mata ke yi a ƙuryar ɗaki ba, da ya sani da ya hana. Maganar ta dawo kunnen Inna.  Aka gama zaɓe, aka yi salla, aka yi wata sallar, Zakiyyu bai miƙe a masallaci ba. In mun haɗu a hanya yakan ce, "A gai da Inna," ni kuma ban taɓa isar da gaisuwar ba.

Inna ba ta ƙara dama kunu ba. Tana amsa gaisuwata da safe, tana sa min albarka in na kawo cefane, amma ta daina kirana ɗakinta.

Da watan Sha'aban na shekara mai zuwa ya raba, na yanke shawara. Zan dama kunun da kaina, in kai masallaci, in buɗe littafina in karanta wa jama'a komai, sannan in dubi Zakiyyu in tambaye shi hukunci a gabansu. Na nemi Dije ta taya ni.

"A'a, Baban Ihsan," ta ce. "Abin da mai shi ta hana ni ba zan ɗauka a takarda ba."

Na jiƙa dawa, na tsirar, na shanya a fili. Na zauna gaban murhu, ƙato da gemu, hayaƙi yana sa ni hawaye. Na bi rubutuna layi-layi. Kunun farko ya fito da kauri kamar fate, babu zaƙi ko na ƙwayar gero. Na biyu na bar shi ya daɗe, ya yi tsami har ƙudaje suka taru. Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, tana kallo.

Rana ta uku na je na durƙusa da littafin.

"Inna, abin da kika faɗa na bi."

"Abin da na faɗa ka bi."

"Akwai saura ke nan?"

"Akwai."

 Shekara uku ina riƙe da shafin nan kamar takardar gona, ashe rabi ne.

"Kin ɓoye min, Inna. Ni ɗanki."

"Na gwada ka da rabi," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ka ga inda rabin ya kai mu."

Na so in ce ta yaudare ni. Bakin da zan faɗa da shi ne ba ni da shi.

Ta mayar da kallonta kan Dije, wadda ke wanke tukunyar da na ɓata.

"'Yar Fillo."

"Na'am, Inna."

"Akwai abin da na daɗe ina son tambaya. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni ana gobe azumi, kwana biyu ban san inda kaina yake ba. Na tashi na tarar buhuna da danshi, tsiron bai mutu ba. Na ce ko aljanu ne."

Dije ta sunkuyar da kai. "Ni ce ke share miki ɗaki, Inna. Na ga yana bushewa, na yayyafa masa ruwa."

"Yau shekara nawa?"

"Bakwai."

"Shekara bakwai kin san abin da ke ƙarƙashin gadona. Ko shi ba ki faɗa wa ba?" Ta nuna ni da carbi.

"Ba nawa ba ne, Inna."

Kaji suna ta tsattsagar abin da na zubar a tsakar gida. Inna ta daɗe tana kallon Dije. Sannan ta rataya carbin a wuya, ta dafa bango ta miƙe.

"Na ce jini yake bi," ta ce. "Allah ya yafe min."

"Inna, in an kai masallaci aka sake dawo da shi fa?" in ji Dije.

"Sai mu sha, mu ba maƙwabta, ladan sadakar ya isa inda aka aike shi. Ɗora ruwa. Kawo sauran tsiron da wannan ya shanya, tsiron dai ya iya." Ta juyo gare ni. "Kai kuma ɗauki littafinka ka tafi zaure."

Na ɗauka. Ina bakin zaure na waiwaya. Inna ta ja kujerar tsugunno kusa da murhu, ta kama hannun Dije na dama, ta ware ɗan yatsanta ɗaya ta riƙe a saman tukunya.

"Ba a zuba tsiro sai wannan ya ba da izini," ta ce. "Matso da kunnenki."

Ta rage murya, ta fara faɗa mata.