Langar da Na Kai Asibitin Awaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Jiya da dare na yi wani mafarki. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai. 'Yata Hansai tun bayan babbar salla take kwance, ba zazzaɓi, ba ciwon kai, sai dai ta zuba wa bango ido. Likita ya ce ciwon damuwa ne, wai akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira sirotonin, masu bincike na zargin da hannunsa a ciki, kuma abin yakan bi jini. Da ya ce jini, sai na tuna Yaya Tabawa, wadda nake bi. Haka ta zauna shiru shekara da shekaru, ana turare ana rubutu, har ta koma ga Mahaliccinta.

To, a mafarkin sai ga ni da langa a hannu, zan je roƙon sinadarin nan kamar yadda ake roƙon gishiri a maƙwabta. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi ya nufi sama, mata sun kife bokitai suna tara. Ban yi mamaki ba, na dai riƙe bakin zanena.

Sai ga ni a asibiti. Ɓeraye sun cika benci, kowanne da katinsa.

"Iya, bi layi," in ji wani. "A kanmu ake fara gwada komai."

Likitan bunsuru ne, da farar riga da tabarau, yana tauna igiyar awon ƙirji. Ya ƙwanƙwasa kaina kamar mai zaɓen kankana.

"Naki a cike yake, Hajiya. Shi ya sa surutu."

"To ɗebi rabi ka zuba min a langa, in kai wa Hansai."

"Ba a zubawa. Kowane kai shi ke dafa nasa."

"To nata me ya hana shi dahuwa?"

Ya cire tabarau ya cinye. "Mun auna jini, mun auna na iyaye da kakanni. Wani bincike ya ce eh, wani ya ce a'a. Muna nan muna yi."

"Allah ya ba da sa'a," na ce, don bai kamata a bar mutum haka ba.

Ban san yadda na fita ba, sai na tsinci kaina a bayan gari. Mata ne zaune a jere har gindin dutse, kowacce tana yi wa ta gabanta kitso, kuma gashin duk ɗaya ne, a murɗe kamar igiya, daga kai zuwa kai. Na gane Innarmu, na gane kakarmu. A tsakiya ga Yaya Tabawa, tana dariya har da tafa cinya. Wallahi na manta tana da wushirya.

"Ke Delu, har yanzu ba ki iya ɗaurin ɗankwali ba?"

"Yaya, kin warke?"

"Da sauƙi. Awakin nan sun ba ni wata 'yar ƙwaya kamar gero. Wata rana ta yi, wata rana ta ƙi."

"A lokacinki ba mu san da ita ba."

"Ai na sani. Kun dai ƙona min zannuwa da turare."

Na durƙusa a gabanta. "Yaya, Hansai ce yanzu. Ke kaɗai kika san cikin ciwon nan. Duk shekarun da kika yi shiru, me kike so a yi miki?"

Ta saki kitson, ta kamo hannuna, ta matso da bakinta kusa da kunnena. Ta buɗe baki, sai ƙarar injin markaɗe ta fito.

Na farka, ashe injin gidan maƙwabcinmu Tanimu ne, an kawo markaɗen ƙosai. Na ja bargo na rufe ido ko zan koma, amma barci ya ƙi.

Yaya Tabawa tana maƙabartar gabas inda muka bar ta. Masu bincike suna can suna yi. Hansai ta sha ƙwayarta da safe, ta kurɓi koko kaɗan ta ture kofin. Ni kuma na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, na zauna.

Ƙurunƙus.