Kwalin Baba Inuwa

Kwalin da Inuwa mai gyaran lasifika ya tara tarihin kiɗan hard rock, mai ƙarar jita da ganga, na Riyadh a cikinsa ya ɓace a makon da aka binne shi. Ƙanwarsa ce ta fitar da shi daga ɗakin, da kyakkyawar niyya. Inuwa ya rasu wata Talata a asibiti, bayan ya yanke jiki ya faɗi a matattakalar gidan hayar da yake zaune a unguwar Manfuha. Ya kusa shekara sittin. An yi masa salla bayan la'asar, aka sa shi a kabarin da ba suna, kamar na kowa a garin.

Abduljalil, ɗalibin hadisi ɗan Gusau da ke ɗakin da ke kallon nasa, shi kaɗai ya san abin da ke cikin kwalin.

Sun saba ne ta hanyar ƙorafi. Abduljalil ya ƙwanƙwasa ƙofa wata Juma'a da hantsi don ya ce ƙarar ta hana shi bita. Dattijon ya buɗe da singileti, ya rage sauti, ya ce tunda ya zo sai ya sha shayi. Ɗakin cike yake da faya-fayan garmaho na Turawa masu dogon gashi, waɗanda ya tsinto a shagunan unguwar Batha da kasuwar gwanjo. Inuwa ya ce waɗannan ado ne, ana samun irinsu ko'ina a duniya. Ya jawo wani kwalin dabino daga ƙarƙashin gado. Kaset-kaset ne a jere, kowanne da rubutun Larabci a goshinsa: tafsirin sura kaza, wa'azi kan haƙuri, hukunce-hukuncen azumi. Ya sa na azumin. Jita ta fasa ihu, ganga ta biyo ta, wani ya shiga rera waƙa da Turancin da Larabci ya cinye rabinsa.

Inuwa ne mai jitar. Iyayensa 'yan Maraɗi ne, amma a Riyadh ya tashi. Lokacin samartakarsa ba a kiɗa a fili. Sukan kama hayar istiraha, gidan shaƙatawa a bayan gari, su jingina katifu a bango, su yi abinsu su naɗa a kaset. Sai a liƙa masa takardar wa'azi, don duk wanda ya buɗe aljihun mota ya gani ya mayar. Haka kowace ƙungiya take yi. Da zamani ya juya aka fara kiɗa a dandali da tikiti, Inuwa ya ga ba mai tuna waɗanda suka fara. Ya shiga bin tsofaffin abokai da matan waɗanda suka mutu, yana karɓo kaset ɗaya nan, biyu can.

"Ustaz, ba ku ne masu bin wane ya ji daga wane ba? To ga aiki," in ji Inuwa.

Abduljalil ya ce shi bai zo Saudiyya don ganga ba. Bayan wata guda yana zaune a ƙasan ɗakin da waya a hannu, yana naɗar hirar dattijon, yana tsare shi da tambaya: wace shekara, wa ke wurin, wa zai shaida. Ranar da Inuwa ya ce mutum ɗari uku suka taru a wata istiraha, ya girgiza kai.

"Baba, wannan ruwayar mai rauni ce."

"Mai rauni gidanku. Kana ina lokacin?"

Sun shirya juye kaset ɗin a kwamfuta. Inuwa ya hana a kai su kowane shago, kuma rikodarsa ta fara cin zare, ya ce sai ya samo mata sabuwar roba tukun. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada ƙanwarsa Zeinabou ta sani. Tana yarinya ta ga mahaifinsu ya karya masa jita a tsakar gida, ta yi kuka har ta kwanta ciwo. Tun ranar take masa addu'ar shiriya, shi kuma ya bar ta a kan an amsa.

Zaman makoki a gidanta aka yi, a unguwar Utaiqa. Abduljalil yana jarrabawa a makon, yana zuwa da yamma ya zauna cikin maza. Ya ɗauka ɗakin zai jira. Ashe mai gadin gidan hayar ya nemi makulli, Zeinabou ta je da ɗanta sun kwashe komai.

Ta sa aka kira shi bakin ƙofar ɓangaren mata. Ta gode masa da zama da yayanta. Ta ce faya-fayan nan masu hotunan banza, ta san na masu kawo gyara ne da ba su dawo sun karɓa ba, ta bar su a barandar gidan hayar, ya ga yadda zai yi da su. Sai muryarta ta sauya.

"Malam, ka san abin da na tarar a ƙarƙashin gadonsa? Wa'azi, kwali guda. Wasu har sun goge don saurare. Ni ina ta zarginsa a raina, ashe bawan Allah..."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Ta ce tun rasuwar ba ta runtsa ba sai ranar da ta ga kwalin.

Abduljalil ya tsaya yana kallon takalman da aka tara a bakin ƙofa. In ya faɗa mata gaskiya, watakila ta sa ɗanta ya tashi mota yanzu ya nemo su, amma barcin da ta samu zai gudu. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Sannan ya tambaya, kamar ba komai, ina ta kai su.

Ta ce ba mai rikoda yanzu, kuma abin da ke ɗauke da sunan Allah ba a zuba shi a shara. Ta kai su babban akwatin ƙarfen da ke ƙofar masallacin layinsu Inuwa, inda ake saka tsofaffin Alƙur'anai da takardun addini. Da hannunta ta zura su, ɗaya bayan ɗaya, saboda bakin akwatin bai cin kwali.

Bai jira shayi ba. Ya isa Manfuha ana fitowa daga magariba. Ya haska cikin akwatin da fitilar waya. Kalanda ɗaya ce a ƙasa, da littafin wani yaro ɗan firamare.

Ladanin, wani ɗan Yemen mai furfura, ya ce motar da ke kwashe kayan akwatin ta zo jiya. Wata ƙungiyar agaji ce ke kwashewa, bai riƙe sunanta ba. Takardu dai ya ji ana narkar da su, wasu sun ce binnewa ake yi a sahara. Kaset kuwa bai sani ba. Ya tambaya ko na wane malami ne, ya ga ko yana da irinsu a gida.

"Na maƙwabcina ne," in ji Abduljalil.

Abin da ya rage a wayarsa muryar Inuwa ce tana ba da labarin wanda ya kaɗa me, a ina, da dariyarsa, da ƙarar cokali a kofin shayi. Babu kiɗa ko na minti ɗaya. Ya kwashe faya-fayan daga baranda ya jera su a bayan littattafansa. An sa sabon ɗan haya a ɗakin, wani direba ɗan Sudan da ba ya kunna komai.

Akwai lambar waya a jikin akwatin masallacin, amma rana ta cinye lambobi biyu na ƙarshe. Abduljalil yana gwada su bi da bi idan ya dawo daga makaranta. Ya samu wani mai sayar da tayoyi, da wata mata da ta ce kada ya sake kiranta. Motar ba ta sake zuwa ba tukuna, kuma ba wanda ya san ranar zuwanta.