Kafin Majiya Ta Sauko

"Ka ga walƙiyar jiya bayan magariba?" in ji Maikano.

Labbo ya aje ƙoƙon kunun da yake fama ya ba shi tun da asuba. "Na gan ta. Can nesa take, wajen Buza. Sha kunu."

"Nesa take ga wawa. Ruwa sun zuba bisa duwatsu, Labbo. Yau tsakanin azahar da la'asar Majiya za ta sauko."

Labbo bai ji haushin wawan ba. Shekara arba'in danga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Maikano, ya sha wanda ya fi haka. Abin da ya dame shi muryar Maikano ce, ta koma siririya, ga ƙafafun mutumin sun yi sanyi tun jiya.

Duk garin an san Maikano da zancen gulbi. Da ƙuruciya ya bi fataken shanu har Yawuri, daga baya mutanen buro, wato ofishin gwamnati na Ƙonni, suka kafa wani ƙarfe mai lambobi a cikin gulbin Majiya, suka ɗauke shi ya riƙa duba tsawon ruwa safe da marece. Shekara goma sha tara yana yi. In ya kama ka a gindin gawo, ka shiga uku. Zai share ƙasa da tafin hannu, ya zana maka duwatsun Adar da ƙoramunsu, ya nuna yadda suke haɗuwa su zama Majiya, ta bi Dogarawa, ta wuce Ƙonni, ta faɗa tabkin Kalmalo a Najeriya. Daga nan sai Rima, sai Sakkwato, sai Kwara, har teku. Mutane su ce, "Mun ji, Maikano, bar mu mu ci goro." Shi kuwa ko a jikinsa.

"Saurara," ya ce. "Ni ba ni kai azahar. Ka ƙetare da ni wurin Binta. Kak ka bari a sa ni cikin tsakuwa."

Binta matarsa ce, ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Tun da ambaliya ta kori garin zuwa tudu, makabarta ta zauna can ƙetaren gulbi, inda tsohon gari yake. Wanda ya mutu gulbi na cike, bayan gari ake kai shi, cikin tsakuwa, wurin da ake binne baƙi.

"Sha'ibu hwa?" Labbo ya tambaya. Sha'ibu shi kaɗai ne ɗan Maikano namiji, yana aiki a kamfanin siminti na Malbaza.

"In ya iso, to. In bai iso ba, kak ka jira shi. Ka ji?"

"Na ji."

"Ce ka ɗauka."

"Na ɗauka, kai mutum! Sha kunu."

Bai sha ba. Da hantsi ya yi kalmar shahada sau biyu, ta ukun Labbo ne ya ƙarasa masa. Ya rufe masa ido, ya ja zane ya lulluɓe shi.

Nan take aka tura mai keke ya hau babbar hanya ya kai saƙo Malbaza. Aka yi wanka, aka ɗinka likkafani, samari suka ƙetara da magirbi su haƙa kabari. Da rana ta take tsaka Labbo ya ce a fito da makara.

A'ishatu, ƴar Maikano, ta tare shi a bakin zaure, ido jawur.

"Baba Labbo, don girman Allah a jira Sha'ibu. La'asar kaɗai. Bai ga Baba ba tun ƙaramar salla."

"Ɗiyata, ruwa na tahe."

"Wane ruwa? Duba sama!"

Ya duba. Fes take, ko gajimare ɗaya babu. Kwana goma sha ɗaya ke nan ba a yi ko yayyafi ba, hatsi har ya fara nannaɗe ganye. Liman ma ya matso ya ce a hankali, "Malam Labbo, gaggawa ga mamaci sunna ce, amma ɗa ɗaya ne. Sa'a biyu ba ta ɓata komi."

Labbo ya juya ya bar su. Ya saka takalmi ya gangara gulbi shi kaɗai. Rairayi ne tsantsa, mai ƙuna, ga sawun amalanke, ga wata mata ta tona rami tana kwalfar ruwa da ƙoƙo. Ya tsaya nan yana jin tsoro, tsoro na gaske. In ya binne mutumin ruwa bai zo ba, ya hana ɗa sallar ubansa a banza, kuma Sha'ibu ba zai yafe masa ba har abada. In ya jira ruwa ya zo, Maikano zai kwana cikin tsakuwa, shi kuma ya ci amanar mamaci.

Ya ce wa matar ta kwashe tulunta ta hau tudu. Ta dube shi kamar ya zautu.

Da ya dawo ya tsaya gaban maza ya ce, "Ni ban san ruwa ba, amma na san Maikano. Shekara arba'in ina mishi gardama, ban taɓa cin shi ba ko sau guda. A ɗauka."

A'ishatu ta fashe da kuka. "Allah ya isa tsakanina da kai, Baba Labbo," ta ce, mata suka ja ta ciki. Maganar ta soke shi, amma ya sa kafaɗa ƙarƙashin makara.

Bayan azahar aka yi masa salla, mutum ashirin da ɗoriya suka bi rairayi da shi zuwa ƙetare. Labbo na tafe yana waiwayen hanyar Malbaza, ba kowa sai wani jaki. Aka sa Maikano kusa da Binta, aka jera itace, aka yaɓe da laka. Ana cikin mai da ƙasa suka ji wata ƙara daga arewa, kamar manyan motoci sun jero.

Wani makiyayi ya ɗaga murya daga tudu, "Ruwa! Ruwa!"

Ga shi kuwa. Ja wur, goshinsa duk kumfa da karmami da reshen ƙaya, yana tafe da saurin mutum mai gudu. Kafin a shafa fatiha ya shafe sawun da suka bari. Kafin a miƙe ya kai ƙirjin babban mutum.

"La'ilaha illallahu," in ji Liman. "Allah shi jiƙan Maikano." Wani ya ce to, yau a tsohon gari za a kwana.

Labbo bai ji daɗin gaskiyar da ya samu ba, don daidai lokacin ne ya hangi babur ya tsaya a wancan gefen. Sha'ibu ya diro, wandonsa fari fat da siminti, ya sheƙo da gudu har ruwa ya kama masa gwiwa, mutane biyu suka riƙe shi. Bakinsa na motsi, yana nuni da hannu, amma gulbi ya haɗiye maganar. Ko rabin sa'a ba a yi da rufe kabarin ba.

Labbo ya san ko ya ɗaga murya ba a ji. Ya juya ga mazan da ke tsaye bayansa.

"Ku matsa," ya ce. "Ku matsa shi ga inda ubanshi yake."

Suka dare gida biyu. Tudun sabuwar ƙasa ya fito fili, ɗanye, kusa da tsohon kabarin Binta da ciyawa ta rufe. Sha'ibu ya daina kokawa da masu riƙonsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya durƙusa a bakin ruwa, ya ɗaga tafukansa biyu. Labbo ma ya durƙusa ta nasa gefen. Majiya na wucewa tsakaninsu, rana na dukan bayanta.