Biyar Cikin Ɗari

Idan mutane suka cika gadar tsallaka titin, sai ta soma lilo a hankali, hagu da dama, har ka ga ƙato ya wage ƙafafu yana tafiya kamar agwagwa. Faɗuwa dai ba za ta faɗi ba. Auta ce injiniyar da ta zana ta, ta san zaman kowane noti a jikinta. Ita ce kuma ta yi lissafin da ya nuna cewa a cikin mutum ɗari da za su hau, da wuya girgizar ta dami fiye da biyar. A ƙa'idar aikinsu biyar ba komai ba ne. Ranar da ta gabatar da lissafin har tafi aka yi mata a ofis.

Ashe mahaifiyarta na cikin biyar ɗin.

Tun da aka buɗe gadar aka katange titin da waya, Mama ta daina leƙa yayarta, wadda ke kwance a tsallake da shanyewar ɓarin jiki. A da kullum sai ta ratsa motoci ta je ta yi mata wanka ta ba ta abinci a baki. Yanzu sai ta shirya tsaf, ta je gindin matakala, ta yi ta kallon sama, ta dawo gida ta ce gwiwa ce. Zagayowa a mota kuwa ga nisa ga cunkoso, sai ranar da Auta ta sami sarari. A bakin maƙwabciya Auta ta ji gaskiyar maganar: sau ɗaya Mama ta hau, jiri ya ɗebe ta, aka sauko da ita a rirriƙe.

Auta ta sami Daraktan ofishinsu, ta roƙi a ɗaura wa gadar ƙarafan da ke shanye girgiza. Mutumin nan, Allah ya yi masa baiwar murmushi. Ya tuna mata cewa lissafin nata ne, ba nasa ba. Da ta matsa, ya yarda a tambayi jama'a: idan masu ƙorafi suka haura biyar cikin ɗari, za a yi gyaran. Amma a bakin sauka za a tsaya, a tambayi waɗanda suka haye. Ta ce ai masu tsoron ba sa hawa balle su sauko.

"To, Injiniya, wanda bai hau ba me ya ji da za a tambaye shi?"

Ranar tambayar, tun safe ƙidayar ke ta wasa a bakin biyar ɗin, ta ƙi hayewa. Mutane na saukowa a gurguje su ce ba laifi, su wuce. Takaici ya ishi Auta, ta nufi gida ta ce wa Mama ta taso ta raka ta wajen yayar Maman. Ba ta faɗa mata dalili ba. Ƙa'ida ta hana a saka wa mutum amsa a baki, kuma a ganinta babu ma buƙata. Da gangan ta ja lokaci har aka tashi daga aiki, lokacin da gadar ta fi rawa. Ta san mugunta ce, ta kuma aikata.

Mama ta hau matakalar tana ambaton Allah. Ba su kai tsakiya ba ƙasa ta soma gudu a ƙarƙashin ƙafarta. Ta cafke ƙarfen gefe, gumi ya karyo mata, sai ta durƙushe. Sauran tafiyar da rarrafe ta yi ta, tsohuwa da furfurarta, mayafi na jan ƙasa, mutane na kewaye ta suna sannu, sannu. Auta na biye da ita riƙe da takalmanta. Ba ta taɓa tsanar wani abu kamar yadda ta tsani kanta a wannan lokaci ba, amma can ƙasan ranta tana cewa ai yanzu magana ta ƙare.

A bakin sauka mai tambaya ta taro su da waya a hannu, Darakta na tsaye a bayanta. Ta gaida Auta da girmamawa, sannan ta tambayi Mama ko motsin gadar ya dame ta.

Mama ta dubi rigar aikin matar, irin wadda take wanke wa 'yarta. Ta dubi Darakta. Ta gyara mayafi, ta miƙe sosai.

"Wane motsi? Ni ban ji komai ba. Gwiwa ce ke damuna. Autata ce ta yi gadar nan, Allah ya yi mata albarka."

Matar ta danna amsar a waya. Darakta ya ce amin, ya duba agogo, ya ce a tattara haka nan.

Sai da suka yi nisa da su, sannan Mama ta matse hannun Auta, ta rage murya.

"Ban kunyata ki a gaban manyanki ba, ko?"

Auta ta sunkuya tana saka mata takalmi, ta ce a'a.