Sifanar Baba Ndakotsu

Likita Lilian ta ɗaga hoton ƙashin saitin taga, ta daɗe tana kallo. Baba Ndakotsu ma ya leƙo daga kan gado. Shi dai hoton burge shi yake yi: ƙwaurinsa fari fat kamar ɓararren rogo, ga 'yar tsaga baƙa a tsakiya.

"Baba, wata bakwai ke nan da aiki, ƙashin nan ya ƙi haɗuwa. Kana shan taba?"

"Ko warinta ba na so."

"Kana taka ƙafar?"

"Ina ya ga ta takawa?" in ji matarsa Kubura. "Tun da babur ya kaɗe shi a Bosso yake gindin mangwaro, yana hira da ƙadangaru."

Likita ta duƙa kan ƙarafan da aka kafa masa ta waje don su riƙe ƙashin. Ta taɓa noti ɗaya, sai ya juya a yatsunta. Na biyu ma haka.

"Wa yake taɓa waɗannan?"

Baba ya washe baki, ya zaro 'yar sifana daga aljihu.

"Ai ni ne, 'yata. Shekara talatin da ɗaya na yi a Reluwe, daga nan har Zungeru babu notin da bai san hannuna ba. Ƙarfe in ya sha rana miƙewa yake yi. In ba a bar masa wurin numfashi ba sai ya lanƙwashe, jirgi ya kife. Ku kuwa kun ɗaure shi tamau, ga zafin Minna! Shi ne nake sassauta masa da azahar, in mayar da yamma. Yau mun daɗe a layi, can na sassauta."

Kubura ta rafka salati. "Malam! Ni da na ɗauka rediyo kake gyarawa?"

Likita ta yi dariya har sai da ta nemi kujera. Da ta share ido ta ce, "Baba, layin dogo ne ke son tazara. Ƙashi haɗuwa yake so. Kullum ya fara kamawa sai ka raba shi. Yanzu zan ɗaure, in ba ka wata uku. In bai kama ba, sai mun sake aiki, mu yanko ƙashi daga ƙugunka mu cike gurbin."

Baba ya dafa ƙugunsa, ya dubi sifanar, ya dubi ƙugun. Sannan ya miƙa wa Kubura, ta ƙulle ta a haɓar zani.

A Keke Napep, da suka zo tsallaka layin dogo, rana ta faɗo a kan ƙafar, ƙarafan suka ɗau walƙiya. Hannunsa ya tafi aljihu, ya dawo wayam.

"Kubura," ya ce a hankali, "to ko inuwa ce ki yi masa."

Ta harare shi. Sannan ta warware gefen mayafinta, ta lulluɓe ƙarfen.