Tulun Dalma a Bayan Mota

Surukina Gunarto ya tare motata a ƙofar kasuwa, 'yata Lastri tana gefensa da tsohon ciki. A bayan motar akwai tulun dalma, cikinsa sinadarin gadoliniyum da aka gasa a tukunyar nukiliya. Asibiti na jiransa don saita na'urar hoton ƙashi. Sinadarin yana fitar da haske mai illa wanda ido ba ya gani. Ruwa na zuba, direbobin baya suna ta danna hon.

Gunarto, da ke kirana Bapak, wato Baba, ya ce, "Bapak, ai asibiti ɗaya za mu! Tulu ya fi jikanka ne?"

Lastri ta kama hannun ƙofa. Na dubi cikinta, na kulle ƙofar daga ciki.

Na ce wa Gunarto, "Nemi tasi, malalaci. Ba za ta shiga motar nan ba."